Metir Yakubu da Katin da Ya Shanya a Rana

Da safiyar nan, ban ko kai kofin shayi baki ba, waya ta shigo daga Djougou. Musa ne, babban ɗan Metir Yakubu. Ya ce, "Kawu, Baba ya cika bayan asuba."

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa.

Masu bibiyar wannan shafi sun san ni da zolaya da manyan kalmomi, waɗanda nake ɗora wa ƙananan al'amura kamar babbar riga a jikin ɗan akuya. Yau ma ba zan ajiye su ba, domin ban mallaki wasu ba. Sai dai ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin wani ya manna mini alamar dariya.

Metir Yakubu shi ne shugaban ɓangaren lantarki a masana'antar gurzar auduga ta gwamnati inda na fara aiki a Parakou, zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da kowa Kamarad ne, daga darakta har mai gadi. Shi kaɗai ne kalmar ta ƙi zama a jikinsa. Metir ake ce masa, wato babban maigidan sana'a da Faransanci, har Sakataren kwamitin juyin-juya-hali na ma'aikata, idan ya manta kansa.

Jikan fataken goro ne na Djougou. Ya bar goro ya kama moter, wato injin lantarkin da ke juya na'urori. Bai yi lekol, wato makarantar boko, ba sai aji uku.

Ni kuwa na zo da takardar shaidar fasaha a cikin jakar leda, da shekara ashirin da 'yan kai, da yaƙinin cewa tarihi ya daɗe yana jiran isowata.

Ranar farko ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya kai ni gaban wani moter da ya ƙone. Ya ce, "Karanta masa. Wataƙila ya ji kunya ya tashi."

Daga ranar sunana ya koma Difuloma. Har matata da shi ta fara sanina.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: harshensa ya fi wayar da ba ta da rufi haɗari. Yakan sa in shinshina moter a gaban leburori, in faɗi abin da ya kashe shi. In na kuskure, ya ce da su, "Ku gafarce shi, ba a koyar da hanci a lekol."

Amma shi ya samo mini ɗaki a unguwar Titirou, a gidan wata gwaggonsa, ya ce mata in ta ga na rame shi za ta tambaya.

Shi ya koya mini in sa hannun hagu a aljihu duk lokacin da zan taɓa wuri mai wuta. Ya koyar da darasin ne da dukan turnabis, wato sukundireba, a bayan hannu, amma ga ni da rai ina ba ku labari.

In ya ɓare goro, ni yake miƙa wa babban ɓarin, yana kallon wani wuri kamar kuskure ya yi.

Wata ranar Juma'a zazzaɓi ya kayar da ni. Ya zo da kansa a kan keke da kwanon sakwara da miyar wagashi, cukun nan na Fulani, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Ci. In ka mutu ban san wanda zan zaga ba."

Aikinsa a kunne yake. Yakan kafa tsinin turnabis a jikin moter, ya ɗora kunnen dama a kan ƙotar, ya lumshe ido, ya ce, "Saura mako biyu." Kuma mako biyun ne.

Babbar darajarsa ita ce tayar da babban moter na gurza. Kowa ya yi tsit. Ya kama hannun ƙarfe ya tura mataki na farko, moter ya yi gurnani, gurnanin ya riƙa sirancewa, sai a wani wuri da shi kaɗai yake ji ya tura mataki na biyu. In an yi gaggawa wuta ta yanke, in an yi jinkiri waya ta gasu. Duk faɗin masana'antar ba wanda ake yarda ya taɓa wannan hannu sai shi.

Sai ci gaba ya iso cikin akwatin ƙarfe mai launin toka.

Wasu Turawa biyu ne suka kafa shi. A cikin akwatin akwai kati kore, a kan katin akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar shanshani, mai suna mikroprosesa. Na ƙaunaci wannan suna tun ranar da na fara jin sa, na riƙa jefa shi cikin zance ko da farashin doya ake yi.

Aikinsa shi ne ya ƙirga juyin moter sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ya gwada da saurin da aka umarce shi, ya ƙara wuta ko ya rage. Shi ke tayar da moter a hankali. In auduga ta cushe, ya yanke wuta kafin a ji ƙauri. A taƙaice, kunnen Metir ne aka zuba a cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba, kuma ba ya zagi.

Kusa da shi akwai wasu ƙanana biyu, kowanne da 'yar tagar gilashi a gadon baya, an liƙe ta da takarda. A cikinsu aka rubuta umarnin da mikroprosesa yake bi. In babu su, shi kurtun soja ne da ba a ba oda ba.

Turawan sun ba da horon kwana biyu, cikin Faransanci, ga masu takarda kaɗai. Mu uku muka shiga. Metir aka sa ya kula da jera kujeru.

A rana ta biyu babban cikinsu ya nuna tagar da bakin biro, ya ce kada a taɓa ɓare takardar nan, kada kuma hasken rana ya daɗe a kan gilashin, domin yana goge rubutun da ke ciki. Na rubuta a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Sauran biyun da muka yi horon tare an mayar da su wasu garuruwa kafin shekara ta zagayo. Saura ni.

Ku riƙe wannan: saura ni.

Daga nan tayar da moter ya koma danna koren maɓalli. Mai shara ma zai iya. Metir yakan tsaya nesa, hannu a baya, yana kiran akwatin Kamarad Akwati. Ya sha faɗa a gaban jama'a, "Ina nan zan ga ranar da zai mutu, a zo a durƙusa mini."

Ruwan ƙarshe na daminar shekara ta biyu ya zo da iska, ya ɗage kwano ɗaya daidai saman akwatin. Lokacin ba a gurza, ana gyare-gyaren shiga kaka. Da aka buɗe, kati ya jiƙe sharkaf.

Metir ya yi abin da ya shekara talatin yana yi wa duk moter da ya sha ruwa. Ya cire katin da hannunsa, ya goge shi da tsumma mai tsabta, ya ɓare jiƙaƙƙun takardun nan biyu don kada su riƙe danshi, ya hau rufin atiliye, ɗakin da muke gyare-gyare, ya jingine shi da bulo inda rana ta fi zama. Da yamma ya sauko da shi, da safe ya mayar. Bai yi wa abin da yake ƙi mugunta ba. Jinyarsa ya yi.

A rana ta uku na hau tsani na leƙa. Tagogin nan biyu suna ƙyalli, suna kallon sama.

Na sauko da niyyar faɗa masa, Allah ne shaida. Amma ni ban iya shiga magana ta ƙofa ba, sai ta taga. Na ce, "Metir, kilishin juyin-juya-hali ake shanyawa?"

Yana kwance a ƙarƙashin wani moter, leburori huɗu na riƙe masa. Bai ko fito da kai ba ya ce, "Difuloma, tun ba a haife ka ba nake shanya moter. Kai wandonka ma gwaggona ke shanya maka."

Suka yi dariya har ɗaya ya saki igiya.

Na rufe bakina.

Na ce a raina, bari akwati ya ƙi tashi, ya yi ta kafa masa turnabis, sannan ni in fito in yi bayani, a ga wanda ake koya wa hanci. Kunyar yini ɗaya nake nema masa. Ban tsaya na tuna cewa babu kwafin umarnin nan a duk faɗin ƙasar ba. Ko kuwa na tuna na kau da kai. Shekaru sun yi yawa, kuma na daɗe ina gyara labarin nan a zuciyata.

Kati ya kwana tara yana shan rana. Kullum sai na wuce ta gindin tsanin.

Ranar buɗe kaka aka yi baƙi daga sama. Kamiyo-kamiyo, manyan motocin dakon auduga, sun yi layi har bakin titi, 'yan makaranta sun yi waƙa, an yi kirarin a shirye muke don juyin-juya-hali har sau uku. Babban baƙo ya gyara hannun riga, ya danna koren maɓalli.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ya danna na uku da babban yatsa, kamar mai kashe kuɗin cizo. Wata 'yar fitila ja ta kama, shi ke nan.

Metir ya matso ya kafa turnabis a jikin akwatin, ya ɗora kunne. Babu abin ji.

Washegari kwamiti ya tara ma'aikata duka a ƙarƙashin mangwaro. Aka tsayar da Metir a tsakiya, aka rataya masa katin a wuya da igiyar buhu. Sakatare ya ce a kira masani.

Masanin ni ne.

Jama'a, na yi jawabi. Ban taɓa yin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na yi bayanin haske mai ɓoyayyen kaifi da ke cikin rana, da yadda yake ratsa gilashi ya share umarni. Na ce, "Kamarad Metir ya yi wa akwati wankin ƙwaƙwalwa, ya shanya, ya kuma manta bai yi guga ba." Aka fashe da dariya. Har Sakatare ya rufe baki da takarda.

Da dariya ta lafa sai ya ce, "Kamarad masani, tambaya ɗaya. Shi wannan ya san haka za ta faru, ko bai sani ba?"

Amsar gaskiya kalma uku ce: bai sani ba. Mai cikakkiyar gaskiya ta ɗan fi tsawo: ni na sani, na gani, na yi shiru.

Na dubi taron, na ga bakuna a buɗe suna jiran ta gaba. Na ce, "Ai Kamarad Metir ya sha gaya mana babu abin da bai sani ba a harkar lantarki. Ni wa, da zan ƙaryata shi?"

Wannan dariyar ta fi ta farko.

Sai wani ya tuna cewa Metir ya yi alkawarin ganin mutuwar akwati. Wani ya tuna ranar, wani ya tuna rigar da ke jikinsa. Mutanen da ya gyara wa fanka da rediyo kyauta suka riƙa ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar kalmar ta fito: zagon ƙasa.

Aka tambaye shi ko yana da ta cewa. Ya ce, "Ya jiƙe, na shanya." Ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa moter kafin ya faɗi saura kwana nawa.

Jandarmomi suka tafi da shi da katin a wuya.

Ga abin da ya biyo baya, don a cika tarihi. Sabbin ƙananan nan biyu sun ɗauki watanni kafin su iso daga Turai, auduga kuwa ba ta jira. Darakta ya ce a kewaye akwatin a koma hannun ƙarfe. Wa ya taɓa tsayawa kusa da Metir har ya san inda gurnani ke sirancewa? Ni. Na tayar da moter da kunnen da ya gina mini da zagi. Aka tafa. Aka ba ni kujerarsa, aka kira ni gwarzon samarwa.

Shi kuwa ya fito bayan wata bakwai, ba aiki, ba takardar sallama mai kyau. Kunnen dama ya mutu. An ce mari ne, ba ɗaya ba.

Ya kwashe iyalinsa ya koma Djougou, ya kafa rumfa kusa da masu niƙa, yana naɗin wayar fanka da ƙananan moter. Sunan ya riga shi isa. Mai Shanya suke ce masa. Musa ya gaya mini har 'ya'yansa, jikokin Metir, an kira su jikokin Mai Shanya a makaranta, kuma ba su san me aka shanya ba.

Jam'iyya ta tafi, Kamarad ya koma Mushe, wato Malam da Faransanci, masana'antar ta sauya hannu. Ni na ci gaba da cin abinci da mikroprosesa har yau. Ba wanda ya koma ƙarƙashin mangwaron nan ya ce an yi kuskure.

Nakan aika masa da goro da shadda duk Sallah. Yakan karɓa. Bai taɓa aiko da godiya ba, ni ma ban taɓa zuwa ba.

Sai bara, bayan ƙaramar Sallah, aka kira ni ƙauyen Pélébina duba akwatin famfon burtsatse. A hanyar dawowa na ce wa direba ya tsaya Djougou.

Na same shi a zaure kan buzu, ya ƙanƙance, carbi a hannu. Na durƙusa ta dama na yi gaisuwa. Ya ce, "Zagayo ta hagu. Wannan ɓangaren na bar wa juyin-juya-hali."

Na zagaya. Ya dube ni sama da ƙasa. "Difuloma, ka yi tumbi. Akwati na biya."

Na shirya jawabi tun daga Pélébina, mai gabatarwa da rassa uku. Na fara, "Metir, a rayuwar ɗan Adam akwai lokutan da lamiri..."

Ya ɗaga hannu. "Rana ta uku ka hau tsani."

Ya sauke hannun, ya ci gaba.

"Ina ƙarƙashin moter, ina ganin ƙafafunka. Ka daɗe a sama. Ban gane ba sai da ka yi bayani a gindin mangwaro. Na ce, wanda ya iya wannan karatu yau, ya iya shi makon jiya."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Da mu biyu za su ɗauka. Kai kuwa ba ka da wuyan ɗaukar mari. Na farko za ka mutu, gwaggona ta ce ni na kashe mata ɗan haya."

Na kama ƙafarsa na ce ya yafe mini don Allah.

Ya janye ƙafar a hankali. "A zaure ka yi mini?"

"A'a, Metir."

"To me ya kawo neman gafara zaure? Je ka tara su. Ka faɗa musu da bakin nan naka mai daɗi, yadda ka faɗi waccan. In ka gama ka dawo, mu yi magana."

Na ce rabinsu sun mutu.

Ya ce, "Rabin ya ishe ni."

Ya sa aka kawo mini fura. Ya zauna yana kallona har na shanye, sannan ya ce direba na jira.

Na yi alkawari. Kuma dama ta zo: tsofaffin ma'aikatan masana'antar muna haɗuwa a Parakou duk lokacin da ɗayanmu ke aurar da 'ya ko suna. Tun daga ranar an yi irin wannan taro sau uku. Sau uku ana miƙo mini lasifika, domin ni ne mai sa dariya. Sau uku na tashi da maganar a bakina, na ga fuskoki suna jira, na ba su labarin babban baƙo da koren maɓalli. Suna son wannan labari ƙwarai.

Na riƙa cewa sai taro na gaba. Mutumin da ya haura tamanin nake sa wa ranar taro na gaba.

Ɗazu na tambayi Musa ko Baba ya bar mini saƙo. Ya ce ba saƙo ba ne. Makon jiya ne ya tambaya, "Difuloma ya tara su?" Suka ce ba su ji labari ba. Ya ce, "Ku ƙyale shi. Yana nan yana tsara jawabin."

To, ga shi, ba gabatarwa, ba rassa.

Metir Yakubu bai yi zagon ƙasa ba. Bai san rana tana goge umarni ba, domin ranar da aka faɗa yana waje yana jera mana kujeru. Ni na sani. Na gani a rana ta uku, na bar shi har ta tara, aka tambaye ni a gaban jama'a na zaɓi dariya. Kunnensa da aikinsa da sunansa, a bakina suka tafi.

Wanda duk ya tsaya a gindin mangwaron nan yana da rai, ko ɗansa na karanta wannan, a karanta masa da ƙarfi. Ku tura wa mutanen Titirou, ku tura Djougou, ya kai ga masu niƙan da ke kusa da rumfarsa da malaman makarantar jikokinsa. Kada wanda ya rubuto mini cewa na yi jarumta. Metir ya ce in dawo mu yi magana in na gama, kuma na gama bayan an rufe shi.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Yakubu. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka musanya masa wulaƙancin da ya sha da darajar da ba kwamitin da zai zauna a kanta. Ka ba Musa da 'yan'uwansa haƙuri, Ka wanke sunan gidansu a bakin mutane.

Ku da kuka karanta, ina roƙon kowa ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya ambace shi da sunansa na gaskiya, Metir Yakubu. Ni ku bar tawa tukuna. Mai yafe mini ya riga ya tafi da amsarsa.